Ƙuri'ar Aliya ta Biyu

Duk unguwar Birni an san Malam Alkasum baduku da abu biyu: jakar fata da ba ta yagewa, da bakin siyasa da ba ya gajiya. Bai taɓa tsayawa takarar komai ba, amma in zaɓe ya matso, a fadarsa ta shan shayi da hira ake jin wanda zai ci Damagaram tun ba a buga takardun ƙuri'a ba. Sau da yawa ba ya dacewa, sai dai ba mai ƙarfin halin tuna masa.

Abin da ya kashe masa baki shi ne ranar da 'yarsa Aliya, mai aikin jinya a Jamus, ta kira ta ce ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa. Ya ce madalla, ya miƙa wa uwarta Shatu wayar, ya koma kan fatarsa. Ransa ya sosu ƙwarai. Shi a wurinsa aron yarinyar ya ba Turawa don karatu, yana jiran ranar da za a dawo masa da abarsa.

Da aka ce Jamus za ta zaɓi 'yan majalisa, sai ga Malam ya manne wa rediyo. Kafin ka ce me, ya haddace mazaɓar Aliya fiye da yadda ya san Damagaram Takaya da ke nan kusa. Kowa ya zo shan shayi sai ya sha bayani. Wai garin na masu haƙar kwal ne, tun kakanninsu jar jam'iyyar ma'aikata suke zaɓa, gado ne kamar dukanci. Mutanen tsallaken kogi kuwa, masu kantuna da zuwa coci, baƙar jam'iyya suke bi. To amma an rufe ramukan kwal, samari sun watse, ƙuri'un ja suna ta zarcewa wurin wasu sababbi masu cewa baƙi su tattara nasu ya nasu.

Mai Nasara, amininsa mai sayar da atamfa a Zango, ya ce, "To kai ai ka huta! In waɗannan suka ci, su da kansu za su ɗoro maka Aliya a jirgi."

Aka yi dariya, har da Malam. Amma maganar ta zauna masa. Ya shiga leƙa ɗakin Aliya yana cewa yaɓen ya tsufa, rufin ma yana son gyara. Shatu tana tsinke zogale ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Korar 'yarka kake wa addu'a?" Ya ce shi gyaran ɗaki kawai ya ambata. Kunya ta hana shi kallon ta.

Ranar Lahadin zaɓe, bayan azahar, wayar ta yi ƙara. Aliya ce, ana jin iska na kaɗa ta.

"Baba, ga ni ƙofar lakwal, makarantar da ake jefa ƙuri'a. Nan ƙuri'a biyu ake ba kowa a takarda ɗaya. Ta farko ta depite ce, wanda zai wakilci garin. Wannan tawa ce, na san matar da zan ba. Ta biyu ta jam'iyya ce. Ita na ajiye maka. Inna ta ce ka fi 'yan garin sanin garin. Wa zan ba?"

Malam ya harari Shatu, ita kuwa ta duƙufa kan zogalenta. Duk bayanin da ya tara na ja da baƙi ya gudu ya bar shi. Ga ɗakin Aliya a gabansa, ƙofar a buɗe. Ya san sunan jam'iyyar da Mai Nasara ya yi wa ba'a, ya iya faɗinsa sarai, ya kuma san Aliya ba ta taɓa tsallake maganarsa ba.

"Baba? Layi yana tafiya."

"Kina jin daɗin garin nan, Aliya?"

Ta ce, "Ina ji, Baba. Tsofaffin da nake jinya sun saba da ni. Akwai wanda ba ya cin abinci sai na zo."

Malam ya goge idonsa da hannun riga, ya gyara murya irin ta fada.

"To ki ba wadda ba za ta kore ki ba," in ji shi. "Ki danna da kyau."

Ya miƙa wa Shatu wayar, ya tashi a hankali ya je ya jawo ƙofar ɗakin Aliya ya rufe.