Sunan Yazid a Bakin Haulatu

Shekara huɗu cur Haulatu ba ta taɓa kama sunan Yazid ba. Ɗan fari ne, kuma a gidansu na Sandamu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta kira shi sai ta ce "kai wannan". In ya faɗi a gaban mutane sai ta kau da kai, kakarsa Inna Lami ta ɗaga shi, ita kuwa ranta na suya.

Yaron ba ya haɗa ido da kowa. Inna Lami har kuri take yi, wai jikanta tun yana tsumma ya san ladabi. Wuni yake yana jera marafan kwalba a gindin turmi, in aka gusar da ɗaya sai kuka ya cika gida. Da aka ga bai fara magana ba, ko an kira shi ba ya waiwayowa, sai kurin ya koma neman rubutu.

Haulatu ta yanke wa kanta hukunci, ita ce sila. Yaron da uwarsa ba ta taɓa kira ba, ina zai san sunansa? Tunanin ya hana ta sakat, ga shi ba wanda za ta gaya wa.

A asibiti a Daura likita ta ce kunnensa ras yake. Ta yi musu bayani cewa ƙwaƙwalwar wasu yara tun a ciki take bin hanyarta daban wajen girma, hayaniya da fuskoki kan yi musu yawa, ana kiran abin otizim. Ba iska ba ce, kuma da koyarwa a hankali zai iya abubuwa da dama.

Haulatu ta sunkuyar da kai, a gaban surukarta Inna Lami ta daure ta tambaya. "Likita, ko rashin kiran sunansa da nake yi ne?"

Likita ta ce ko kusa.

Inna Lami ta riƙe haɓa. "Ashe abin da kike ta haɗiya ke nan? Ubansa ma ɗan farina ne, ban taɓa kiransa ba, ga shi surutunsa ya ishi Sandamu. Kira abinki, 'yar nan, na ɗauke miki kunyar."

Haulatu ta juya wajen yaron ta ce, "Yazid."

Bai waiwayo ba, sai dai ya jingina bayansa da gwiwarta. Ita kuwa ta yi ta kira har bakin tasha, Inna Lami na biye tana cewa a rage na gobe.