Ƙwaron Falalu Mai Sunan Daudu

Falalu ne ya kama ƙwaron, a gonarsa, da hannunsa, amma sunan Daudu aka sa masa. Ba wanda ya cuce shi. Bakinsa ne ya ja masa.

Falalu mai sayar da irin gyaɗa ne a kasuwar Roni. Ya ba hamsin baya, kuma tunda aka haife shi ba a taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba. Daudu kuwa ɗan kawunsa ne, taubashinsa, shi ma irin gyaɗa yake sayarwa. Rumfunansu a jere suke. Tun suna yara suke zagin juna, har gemu ya yi fari ba su gaji ba.

Da ruwan farko ya sauka a shekarar, mai unguwa ya sa aka yi shela cewa wata baƙuwa daga jami'a ta sauka a gidansa, ƙwari take nema, duk wanda ya ga baƙon ƙwaro ya kawo. Aka yi ta dariya. Mace da karatunta, da motarta, ta rasa abin bi sai ƙwaro.

Kwana biyu bayan haka Falalu yana fama da wani ruɓaɓɓen kututturen marke a gonarsa ta gindin dutse. Ya ɗaga ɓawon, sai wani ƙwaro ya faɗo ta baya. Tsawonsa kamar ɗan ƙaramin yatsa, baƙi wuluk, da ɗigo biyu ja a kafaɗa. Ya kwanta rigingine kamar ya mutu. Falalu ya kai hannu ke nan sai ya ji ƙas! Ƙwaro ya yi sama, ya juya, ya dira a kan ƙafafunsa. Ya san irin masu tsallen nan, ƙanana masu ruwan ƙasa, amma bai taɓa ganin wannan ba. Ya jefa shi a kwalin ashana. Ba don komai ba, so yake ya je ya ga matar nan da idonsa, ya samu abin ba da labari.

Ya same ta a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, da tebur da kwalabe. Dakta Shahida sunanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi kwalin, ta juye ƙwaron a faranti. Ƙas! Ta yi murmushi.

"Ka ga wannan ƙayar da ke ƙarƙashin ƙirjinsa, Baba? Ita yake ɗanawa a wani ɗan rami, in ya sake ta sai ta harba shi sama. Danginsu suna da yawa ƙwarai."

Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta duƙa. Sai murmushin ya ɓace. Ta ƙirga gaɓoɓin ƙahonninsa, ta sake ƙirgawa. Ta buɗe wani littafi mai hotuna, ta rufe, ta buɗe waya.  Can ta zaro biro.

"Baba, a gonar wa aka samo wannan? Wa ya kama shi?"

To, mu nan in ɗan boko ya zaro biro yana tambayar gona, mutum ba ya tsayawa jin dalili. Kan Falalu ya hau aiki nan take, kuma shi a ganinsa ba kan da ya kai nasa aiki a ƙasar Roni. Baƙon ƙwaro a gonar mai sayar da iri. Gobe malaman gona su zo da feshi, jibi labari ya kai Gwiwa da Kazaure cewa irin Falalu da ciwo. Wa zai sake auna tiya ɗaya a rumfarsa?

"Gonar Daudu ce," in ji shi. "Shi ya kama. Ni aiko ni kawai ya yi."

Ta rubuta. Falalu ya tafi gida yana yaba wa kansa. Ranar kasuwa kuwa bai bar abin ya huce ba. Duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya rage murya ya ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma an samu wani ƙwaro a gonar maƙwabcina, har jami'a ta aiko."

Da maganar ta iso kunnen Daudu, ya leƙo ta gefen buhu.

"Kai, mai kan tulu, wai ni na kama ƙwaro?"

"Haka na ji ana faɗa."

"A bakin wa?"

"A gari."

Daudu ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya gyara hula. "To madalla. Tunda taubashina ya ce na kama, na kama."

Dakta Shahida ta shiga gonar Daudu washegari. Gonar jigawa ce, yashi zalla, ko itace ɗaya babu. Kwana uku tana tono tana ɗaga duwatsu, ba ta ga ko ƙafar ƙwaron ba. Falalu yana zuwa kallo kullum, wai taya ɗan'uwa jaje. A rana ta uku ta zauna a bakin gona ta yi musu bayani. Wanda ke hannunta mace ce. Da mace kaɗai ba za ta iya rantsewa cewa sabon jinsi ba ne, domin da yawansu a ido kamarsu ɗaya. Sai an samu namiji, an ciro al'aurarsa da bakin allura, an duba a na'ura, an gwada da na sauran dangi. A nan bambancin yake.

Daudu ya yi salati. "Dakta, duk karatun nan ashe a nan ya ƙare?"

"A nan ya ƙare, Baba," ta ce tana dariya. "In ban samu a nan ba, gobe zan bi gonakin da ke wajen dutse ɗaya bayan ɗaya. Irin wurin da suke so ke nan."

Gonakin wajen dutse uku ne, ta Falalu ce ta farko.

Da sassafe, bayan an fito masallaci, Falalu ya ɗaura wa shanunsa amalanke. Shi kaɗai ya ƙarasa tumɓuke kututturen nan, ya yi ta kokawa da shi har bayansa ya amsa, ya ɗora, ya zaga ta bayan gari don kada a gan shi, ya sauke a kusurwar gonar Daudu. Ya tattara ƙasa ya rufa masa gindi. Yana tafe yana ce wa kansa, ka ga dattijo mai jikoki, yana yi wa ƙwaro ƙaura.

Da hantsi Daudu ya iso tare da Dakta don ta yi wa gonar duban ƙarshe, Falalu yana biye da su kamar kullum. Ya tsaya a kan kututturen, ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Shekara talatin ina noman gonar nan, yau kututture ya tsiro mini."

Dakta Shahida ta dubi sawun amalanke, ta dubi mutanen biyu. Falalu ya yi caraf ya ce ai Daudu ne da kansa ya jawo shi bara daga wancan gefen gonar, mantuwa ce irin ta tsufa. Daudu ya ce, "Haka ne, ni ne mai mantuwa." Ta ɗaga ɓawo. Biyar ta samu, uku maza. Har da tsutsotsinsu a cikin ruɓaɓɓen itacen. Ta ɗaga waya sama ta ɗauki lambar wurin a taswira, ta rubuta a 'yar takarda, ta jefa a kwalba tare da su.

Kafin ta shiga mota ta ce, "In ya tabbata babu shi a littafi, ni zan raɗa masa suna. Kuma sunan wanda ya fara kama shi zan sa. In an sa an sa ke nan, ko bayan shekara ɗari biyu da shi za a kira shi a duk duniya."

Daudu ya juyo a hankali. "Taubashi, ko kana da magana?"

Nan ne fa. Kalma huɗu ta ishi Falalu: ni na kama shi.  Amma mai unguwa yana tsaye, mutum shida suna tsaye, kuma duk cikinsu ba wanda bai ji shi a kasuwa yana rage murya ba.

"Wace magana? Allah ya sanya alheri. Dama kai da ƙwaro kun yi kama."

Damina biyu ta wuce. A ta farko Falalu ya ci kasuwarsa, ya kuma laƙaba wa ɗan kawunsa Daudu Ƙwaro, sunan ya bi gari. Lokaci-lokaci Dakta takan kira wayar mai unguwa ta ba da labari. An aika hotuna gidajen ajiyar ƙwari na ƙasashen waje, an gwada da waɗanda aka tara tun zamanin Turawa. An yanki ƙafa ɗaya an yi gwajin ƙwayar halitta. Wani masani ya ce ya san shi, daga baya ya janye. Falalu yakan ce a ransa Allah ya sa a tarar da shi a wani tsohon littafi kowa ya huta.

Ba a tarar ba. Ta dawo da takarda mai shafi tara, da hoton ƙwaron ya cika rabin shafi. Aka taru a gindin darbejiya. Sunan kalma biyu ne. Ta farko ta dangin ƙwaron ce, harshen Falalu ya kasa juya ta. Ta biyu kuwa ko jaki ya ji ya gane: daudui. Ta ƙara da cewa ƙwaron ba ruwansa da gyaɗa. Tsutsarsa a ruɓaɓɓen itace take zaune, wasu tsutsotsin take ci.

Gidan rediyo suka zo. Aka ji muryar Daudu har Babura yana cewa shi dai mutum ne mai lura da halittun Allah tun yana ƙarami. Mutanen da suka guje wa rumfarsa suka dawo, har da waɗanda ba iri suka zo saya ba, hoto suka zo ɗauka. Daudu Ƙwaro ya zama sunan da yake amsawa da fara'a.

Falalu ya yi kwana uku abinci ba ya wuce masa. Ran na huɗu, da ya ji Dakta za ta koma, ya tare ta a bakin mota ya faɗa mata komai, har amalanken. Daudu yana gefe, bai musa ba.

"Ni tun ran farko na ba shi hanya, Dakta. Kan ne ba ya lanƙwasuwa."

Ba ta yi dariya ba, ta juya ga Falalu. "Baba, ka san abin da ka sa na yi? Na buga wa duniya cewa ƙwaron nan a jigawa yake zaune. Duk mai nemansa zai je ya yi ta tonon yashi."

"To a gyara mana. A cire na wannan a sa nawa."

"Wurin dole in gyara. Sunan ba ya ciruwa. Ko ni da na sa ba ni da iko."

Ta sa ya kai ta gindin dutse, ya nuna mata ramin kututturen, ta ɗauki lambar wurin. Ta tambayi cikakken sunansa. Karon nan da ta zaro biro bai yi gardama ba.

Bayan wata biyar gyaran ya fito, layi huɗu a ƙasan wani shafi. Daudu ya sa aka turo masa a waya, ya kira Malam Muhammad Sani na makarantar sakandare ya fassara a tsakiyar kasuwa, ranar da ta fi cika. An gyara wurin da aka samu ƙwaron zuwa gindin dutse, arewa da gari. Kuskuren farko ya faru ne saboda bayanin da ba daidai ba daga Malam Falalu Ukasha, wanda shi ne ya kama na farko.

"A maimaita wajen bayanin," in ji Daudu. Aka maimaita.

Falalu yana zaune a kan buhunsa yana tsince tsakuwa daga tiya. Ya shiga littafin duniya shi ma, da sunansa da na mahaifinsa, a matsayin mutumin da ya yi ƙarya a kan ƙwaro.