Allura a Gwiwa

A zamaninsa, in ƙwallo ta hau ƙafar hagun Bahago, mai tsaron gida sai addu'a. Yau shi ne kocin kulob ɗin, kuma ko takalmi zai ɗaure sai ya nemi benci. Allurar kashe zafi ce ta cinye masa gwiwa: a tsira masa, ya ci musu kofi, su yi tafi su watse.

Shi ya sa ranar wasan ƙarshe, da ya shiga ɗakin canza kaya ya tarar likitan kulob na zuƙar ruwan allura, ransa ya yi mummunan ɓaci. Ga Walƙiya, ɗan ƙanwarsa, mai ci musu ƙwallaye, zaune da gwiwa a kumbure suntum.

"Likita, ajiye allurar nan!"

Ciyaman na tsaye bakin ƙofa, mutumin da ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba. Ya ce, "Haba Koci, wasa ɗaya ne fa. Manyan kulob sun turo a kalle shi."

Bahago ya naɗe wando, ya nuna masa tabon ɗinki. "Ni ma wasa ɗaya aka ce min."

Walƙiya ya sunkuyar da kai. "Kawu, kai ka yi sunanka. Ka bar ni in yi nawa."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. "Sunan banza! Sunan ne ke ɗaga ni in na durƙusa? Muddin ni ne koci, ba ka buga wasan nan."

"To, daga yanzu ba kai ba ne," in ji Ciyaman.

Mataimakin Bahago, munafukin, ya karɓi usur ko kunya babu.

Bahago ya fice yana huci. Ya daɗe zaune a matakalar baya, ya kasa tafiya gida. Can fili ya ɗauki ihu, ana kiran sunan Walƙiya. Yaron ya ci! Allah ya yafe masa, sai da ya ji daɗi.

Ya lallaɓa ya sauka, dafe da ƙarfen matakala. Bai kai ƙofar waje ba fili ya yi tsit, irin shirun da ya sani sarai. Direban motar asibiti ya ta da inji.

Bahago ya juya ya kama hawa, yana jan ƙafa yana tsine musu ɗaya bayan ɗaya. Me zai gaya wa ƙanwarsa?