Furanni a Kan Ruɓaɓɓen Bango

Da cokalin suya na fara, don shi ne a hannuna. Na cusa bakinsa ƙarƙashin takardar bangon, na ja da ƙarfina, sai wani ɗan guntu da bai kai tafin hannu ba ya biyo ni. Na yi tsaki. Na sake cusawa, ta sake yagewa. Takardar da jiya na gani ta ɗago da kanta a bayan kabad tana lilo, yau da na zo mata da gaske ta ƙanƙame bango ta ce sam.

"Dik Wiwik, don girman Allah sauko daga kan kujerar nan," in ji mijina Darmanto. Dik, wato ƙanwa, yake ce min, ni kuma in ce masa Mas, wato yaya, kamar yadda ake yi a wajenmu. Yana tsaye a bakin ƙofa da hular kwanonsa a hannu. Tun da ya ji ƙarar yaga ya fasa fita acaɓa. "Ɗakin mutane ne fa. Haya muke."

"Na sani, Mas. Amma ƙirjin Laras namu ne, ba haya muka karɓo shi ba."

Laras ita ce 'yarmu ɗaya tilo, shekararta biyar. Da ƙafarta ta shigo ɗakin nan tana tsalle, ranar da muka zo dubawa, tana bin shuɗayen furannin bangon da yatsa. Ni ma furannin ne suka tafi da ni. A duk unguwannin birnin Semarang da ke kusa da teku, inda ruwa ke tasowa daga ƙasa ko sama ba ta zubo da ɗigo ba, ban taɓa ganin ɗakin haya mai kyansa ba. Ba mu daɗe da tarewa ba tari ya kama ta. Muka ce mura ce. Muka ce ƙanƙarar da take sha ce. Surukata ta aiko da jiƙon citta da zuma. Tari dai ya zauna, har ya koma wani irin numfashi mai fito, yarinya ta daina gudu, ta koma zama a bakin ƙofa tana kallon sa'o'inta.

A zuwanmu asibitin unguwa na baya-bayan nan likitar ta tambaye ni ko akwai laima a inda muke kwana. Har da ɗaga kai na ce mata a'a, ɗakinmu fes yake, har takardar ado ce a bango. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To je ki leƙa bayan takardar."

Shi ne na janye kabad. Warin da ya doke ni na san shi, kullum da shi muke kwana, amma ni kan kwatar waje nake ɗora laifin.

"Ki bari in yi wa Pak Haji magana tukuna," in ji Darmanto, yana nufin mai gidan hayar.

"Kamar yadda ka yi masa maganar famfo? Da ta ƙofar banɗaki? Kai Laras nan maƙwabta gidan Bu Tumini, ka dawo ka ɗora min ruwan zafi. Ko ka kama, ko ka ba ni wuri."

Ya tsaya yana juya hular. Ya ɗauki yarinyar ya fita.

* * *

Duk wanda ya ce cire takardar bango ƙaramin aiki ne, bai taɓa yi ba. Ta saman mai santsi ce kamar leda, ba ta shan ruwa. Sai da na bi ta da cokali mai yatsu na kakkarce, sannan na jiƙa ta da soso da ruwan sabulu mai zafi, na jira, na kankare. Wani wurin ta saki da faɗi har in ji daɗi, sai ta tsinke a tsakiya ta bar min farar fata manne da gam. Ruwa na bin gwiwar hannuna yana shiga riga. Fanka na kaɗa guntaye suna manne min a fuska. Tempe ɗin da na yanka, curin waken suya da nake soyawa ina sayarwa, yana can cikin roba, ban ko waiwaye shi ba.

Darmanto ya dawo ya kama, amma irin kamun wanda ake ja da igiya. Ya kankara kaɗan ya leƙa taga.

"Mas, bango kake kankara ko ƙaiƙayi kake sosa masa?"

Ya sake leƙa taga.

Ƙarƙashin furannin sai ga wata takardar, mai ratsin kore. Ƙarƙashinta kuma wata, ruwan ƙasa, wadda ta riga ta zama kamar dafaffen ganye. Da na kai ga ita cokalin ya nutse. Na ja, sai duk suka taho tare, da nauyi, suka faɗo min a ƙafa jagab.

Bangon baƙi ne. Tun daga ƙasa har ya wuce kafaɗata, funfuna ce ta yi kauri, baƙa, wani wurin kore, wani wurin fari mai gashi-gashi. Na dafa yatsa, siminti ya rugurguje, ruwa ya tsattsafo. Ƙananan kyankyasai suka watse. Daidai nan katifar Laras take. Nan take juya fuskarta in za ta yi barci, don ta ce furannin na kallonta.

Darmanto ya ajiye abin kankararsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Innalillahi."

Na ɗauka daga nan zuciyarsa za ta tashi. Sai ya ƙara da cewa, "Yanzu me za mu ce wa Pak Haji?"

Na juya masa baya, don in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

* * *

Bayan azahar Bu Tumini ta leƙo. Tsohuwa ce, maƙwabciyarmu, ta fi kowa daɗewa a jerin ɗakunan Pak Haji Suwondo. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta dubi tulin takardun da ke ƙasa, ta taɓa mai ratsin koren da ɗan yatsan ƙafa.

"Oho, wannan ta zamanin tela ce," in ji ta. "Bawan Allah, tari ya mayar da shi ƙauye, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Mai ruwan ƙasan kuwa ta wasu ango da amarya ce. Jaririnsu ya fi kwana a asibiti kan ɗakin nan."

Na sauke soson. "Bu, kin sani?"

"Wa bai sani ba, 'yar nan? Duk wanda ya tashi, sai a kira masu manne su rufe."

"Ranar da muka zo dubawa ke kika ba mu shayi! Kika ce mun yi dace!"

"To me zan ce? Kun zo da murnarku. Ni kuma a ɗakin wa nake kwana? Ɗana ma a shagon katakon Pak Haji yake aiki." Ta gyara mayafi. "Ai na ɗauka ku Allah zai tsare ku."

"Kullum Laras na gidanki tana tari a gabanki."

"Ina ce ina ba ta zuma?"

Na kalle ta. Ba mugunta ba ce a fuskarta, da ma ita ce da na san yadda zan yi da ita. Tsohuwa ce kawai da ta saba kawar da kai har wuyanta ya sandare a haka.

* * *

Ba mu aika wa Pak Haji ba, labari ne ya kai kansa. Ya iso da la'asar cikin farar riga da zane mai guga, yana ƙamshin turare. Ya yi sallama da muryarsa mai taushi, wadda ake ji a lasifika duk lokacin da ake neman gudummawar masallaci. Darmanto ya yi saurin sunkuyawa ya kama hannunsa da hannu biyu.

Bai shigo ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya fiddo hankici ya kai hanci.

"Subhanallah. Mas Darmanto, me na yi muku? Na ba ku ɗaki kamar na amarya, ku mayar min da shi haka?"

"A yi haƙuri, Pak Haji, wallahi..."

"Ba mu muka mayar da shi haka ba," na katse shi. "Haka muka same shi, an dai lulluɓe ne. Pak Haji, bismillah, shigo mana. Ga tabarma. In rufe ƙofa in dafa maka shayi, ka ɗan zauna da mu zuwa magariba."

"Dik!" in ji Darmanto.

Pak Haji ya yi murmushi, ya ci gaba da magana da mijina kamar bango ne ya yi tari. "Unguwar nan kowa ya san ruwa ke cin ta daga ƙasa. Ni na kawo teku? Ni ma asara nake yi. Takardar nan don in kare ku na sa ta, ga shi kun tone abin da ke kwance."

"'Yata ba ta iya numfashi."

"Allah ya ba ta lafiya. Ciwo ai daga Allah ne, Bu Wiwik. Yara nawa ne ke tari a gidajen da ko takarda babu?"

"To ka gyara bangon."

Ya ninke hankicin. Ya ce gyara ba ƙaramin abu ba ne, sai an fasa an ɗaga ƙasa, kuma in ya yi haka kuɗin hayar ba irin namu ba ne. Ya ce zaɓi biyu ne: mu mayar da takarda da kuɗinmu mu ci gaba da zama lafiya, ko mu tashi ƙarshen wata, abin da muka ajiye na jingina ya tafi a gyaran ɓarnar da muka yi. Ya yi mana addu'a ya tafi.

Washegari na je wurin mai unguwa. Ya saurare ni yana gyaɗa kai yana fifita da jarida, ya ce abu ne na cikin gida, a sasanta cikin mutunci. Ya ƙara da cewa Pak Haji ne ya zuba ƙasar da aka ɗaga layinmu da ita bara. Na ce tun da aka ɗaga layin ai ruwan ɗakunanmu yake gangarowa. Ya ce in gaida mai jiki.

Da na dawo na tarar Darmanto zaune a kan babur a ƙofar gida. Bai ɗago ba ya ce, "Na tambayi farashin takardar. Akwai mai sauƙi."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin nan tun asuba yake kan titi cikin rana da hayaƙi, bai taɓa hana mu abin da ya samu ba. Ban san lokacin da tsoro ya gama cinye shi haka ba.

"Mas, in ka shigo da takarda ɗakin nan, kai da ita za ku kwana."

Ya share fuska da tafin hannu. Can ya ce, "Bari in kira yayarki."

* * *

Muka koma wurin yayata a can saman gari, mu uku a ɗakin da take ajiye kayan ɗinki. Nisa ya raba ni da masu sayen tempe ɗina, Darmanto kuma sai ya ƙona mai kafin ya kai inda fasinja suke. Tarin Laras ya lafa. Likitar ta ce asma ce, kuma ta riga ta zauna, sai dai a yi ta lallaɓawa, kada abin shaƙarta ya yi nisa da ita. Yanzu da shi take zuwa makaranta, rataye a wuya.

Bayan 'yan makonni na koma tsohuwar unguwar karɓo babban kaskona da na bari a wurin Bu Tumini. Ƙofar ɗakin namu a buɗe take. Tun daga waje na ji warin sabon gam. An manne takarda ruwan ɗorawa mai zanen tsuntsaye, sumul, ko kumburi babu. Wata yarinya ce a ciki, ba za ta wuce ashirin ba, da jariri a saɓe cikin zane, tana kwance ƙullin kaya. Mijinta na sauke katifa daga kan keken kaya.

Ban yi shawara da kowa ba na taka har bakin ƙofar.

"Ƙanwata, kada ku zauna a nan. Ni na tashi daga ɗakin nan. Bayan takardar nan ruɓa ce zalla, ita ta lalata wa 'yata ƙirji. Sa hannu ki danna ƙasa-ƙasa ki ji."

Ta dube ni, ba mamaki a idonta.

"Na sani, Yaya. Tsohuwar can ta faɗa mana tun ranar da muka zo dubawa."

Na waiwaya. Bu Tumini na tsaye a ƙofarta da kaskona a hannu, ta sunkuyar da kai.

"Kin sani, kuma kuka karɓa?"

"Tun kafin in haihu muke yawon nema. Inda muka baro ruwa har gwiwa yake kai mana a cikin ɗaki. Wannan kaɗai muke iya biya." Ta gyara kan jaririn. "Na gode dai, Yaya. Za mu riƙa buɗe taga."

Mijin ya shigo da katifar ya nufi jikin bango da ita. Ta ce masa a'a. Ta tsaya ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ja katifar da hannu ɗaya har tsakiyar ɗakin, ta ɗan ƙara turawa da ƙafa don ta daidaita. Nan ta kwantar da jaririn, inda ya fi nisa da kowane bango.