Izinin Zaman Doguwa

Doguwa ta shigo ƙasar ne da izinin aiki a gida guda, gidan wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ita ke mata wanka, ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta shafa mata mai a ƙafafu. Tsohuwar ce ma ta laƙaba mata Doguwa, wai in ta miƙe sai ta tare mata hasken taga.

Da tsohuwar ta rasu, kuka biyu Doguwa ta yi. Ga rashin tsohuwar da take kira Inna, ga kuma doka: izinin baƙon ma'aikaci a hannun ubangidansa yake, aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Can gida kuwa 'yarta ba ta jima da fara karatun jinya ba, da ƙarfin wannan aikin.

Bayan an share makoki, babban ɗan marigayiyar ya leƙo ya tarar tana cusa kaya a akwati.

"Sai ina kuma?"

"Yaya, gara in tafi da ƙafata kafin a zo a tasa ƙeyata."

"Ke da ko gishiri ba kya ƙarawa sai kin tambaya, yau kin yanke wa kanki hukunci? Sa takalminki mu je ofishin baƙin ma'aikata."

Suka tarar bencina cike da magina da direbobi da masu dafa abinci, kowa ya rungume fasfo. Da layi ya zo kanta, jami'ar ta saurare ta har ƙarshe, ta yi musu gaisuwar rashi, sannan ta ce, "'Yar'uwa, an sauya wannan dokar. Yanzu izini na ma'aikaci ne, ba na mai gida ba. Kina da damar neman wani aikin."

"Ranki ya daɗe, ko ba a danginsu ba?"

"Ko a ina ne, in dai halal ne."

Doguwa ta share ƙwalla, ta yi mata godiya.

Ba wai daga nan komai ya tafi sumul ba. Ta sha zarya ana cewa na'ura ta tsaya, wasu gidajen kuma suna jin harshenta suka ce sun riga sun ɗauki wata. A ƙarshe wani gidan kula da tsofaffi ya kira ta.

Ranar farko aka haɗa ta da wani tsohon malamin makaranta da ya gagari kowa, ko cokali ba ya yarda a kai masa baki. Ta ja kujera ta gaishe shi da ɗan abin da ta iya na yaren ƙasar. Ya ɓata fuska.

"Wa ya koya miki gaisuwa a karkace haka?"

"Baba, ai malami na rasa."

Ya kalle ta sama da ƙasa, ya gyara zama a kan filo.

"To miƙo shayin nan. Mu fara daga farko."