Hoton Barakatu a Fadamar Ɗanasabe

Kaka ta zo ta wuce, damin dawa bai shigo gidan Barakatu ba.

Tun rasuwar mijinta ta ba maƙwabcinta Ɗanasabe aron gonar tudun da ta gada wurin mahaifinta, a bayan garin Dayi. Duk shekara mai aro yakan kawo dami ɗaya ya jingine a ƙofar mai gona, ba don ya ciyar da ita ba, sai don unguwa ta gani ta tuna mai ita. Bana da ta aika ta ji ko lafiya, sai ya aiko mata da hoto: ga shi tsaye a tsakiyar gonar, ya riƙe ƙugu, ga waɗansu lambobi a ƙasan hoton. Ya ce a faɗa mata tauraron ɗan'adam ya shaida gonarsa ce.

Ta sa aka kira Almustapha, ɗan ƙaninta. Shi wata ƙungiyar manoma ta ɗauka da damina ya bi gonaki yana ɗaukar hoto, don rabon taki.

"Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, Gwaggo. Cewa aka yi duk wanda ke noma gona a ɗauke shi a cikinta. Kyamarar tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, sai ta rubuta daidai inda aka tsaya. Lambobin ke nan."

"Ta rubuta sunan ubana?"

"Wuri kawai take rubutawa, da rana."

"Kai fa? Bakinka ciwo yake yi? A gonar nan ka koyi riƙon fartanya, amma ka tsayar da ƙato a cikinta kana ce masa ya gyara hula!"

Almustapha ya sunkuyar da kai. Abin da ke cinsa shi ne babu ƙarya ko ɗaya a hoton. Wurin daidai ne, Ɗanasabe kuwa ya tsaya a can. Amma ga shi za a ci gona da shi. Ya rage murya.

"Gwaggo, ana iya sauya lambobin a kwamfuta. In na taɓa su, hoton zai nuna wata gona ce can wajen Kafur. Shi ke nan hujjarsa ta mutu."

Ta miƙe tsaye.

"Da gonata? Sai na yi ƙarya kafin in samu abin da ubana ya bar mini? Shi ya yi sata da gaskiya, ni kuma in ƙwato da ƙarya? Tashi, ɗauko abar nan taka."

Ta yafa mayafi ta yi gaba, yana biye. Ba gonarta ta nufa ba. Fadamar Ɗanasabe ta shiga, wadda ya gada kaka da kakanni, ta ratsa cikin tumatir har tsakiya, ta riƙe ƙugu.

"Ta kama tauraron?"

"Saura kaɗan... ta kama."

"Ɗauka."

Washegari da hantsi suka hallara a zauren Mai Unguwa Maiwada. Ɗanasabe ya fara ajiye nasa hoton, yana cewa zamani ya wuce na dami, yanzu na'ura ke shaida. Barakatu, daga bakin ƙofa, ta miƙa nata aka ajiye kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, na yarda da shaidarsa. Ya riƙe tudun. Ni kuma ga fadamata, tauraro ya gan ni a ciki jiya."

Zaure ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba.

"Wannan ai zalunci ne!" in ji Ɗanasabe. "Don mutum ya tsaya a wuri, sai ya zama nasa?"

Mai Unguwa ya dube shi. "Maimaita, Malam Ɗanasabe. Na baya ba su ji ba."

Ɗanasabe ya ɗauki hotonsa ya fice.

Da la'asar sai ga shi da jaki, dami biyu maimakon ɗaya. Ya sauke a ƙofarta yana cewa Hajiya a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne.

"Mayar da su kan jakin," in ji ta daga soro. "Dami na mai aro ne, kai kuwa aronka ya ƙare. Kada in ga sawunka a gonar nan."

Ta juya ga Almustapha, wanda ke raɓe a gefe da kyamara a wuya.

"Kai kuma ka nemi fartanya. Da damina kai za ka nome ta. Kuma ko ni ka gani a ciki, kada ka ƙara ɗaukar kowa sai ka tambayi unguwa gonar ta wane ne."