Akwatin Baba Saje

Lado kafinta na unguwar Stapleton, can ƙasar Turawa, mutum ne da ba ya ganin tsohon katako ya wuce bai shafa ba. Ranar da Hajiya Halimatu ta kawo masa rabin akwati a bayan tasi, cikin hunturun 1993, sai da ya yi salati.

Akwatin sojan Turawa ne, irin mai hawa biyu, wanda ake rabawa mutum biyu su ɗauka a ka. Ko ƙusa ɗaya babu, katako ne ya ciji katako, maɗaukan tagulla kuwa an nutsar da su ciki don kada su karye a tafiya. Mahaifin Halimatu, Baba Saje, shi ya dawo da shi daga yaƙin Bama. Da ya rasu, ita da ƙanwarta A'i suka yi faɗan da ya raba su, akwatin ma kowacce ta ja rabi, Halimatu na ƙasa, A'i na sama. Shekara bakwai ko sallama babu.

"Malam Lado, murfi za ka yi wa nawa, ya tsaya da kansa."

Abin ya sosa ran Lado ƙwarai. Murfi ai aikin yini ɗaya ne, amma in ya buga shi, an rabu ke nan har abada. Sai ya murtuke fuska, wai ba zai iya awo ba sai ya ga na saman. Kai, Lado da iya shirya zance!

Dole Halimatu ta aika wa ƙanwar tata. Ran Asabar A'i ta taso daga unguwar Morrisania da nata, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon bango. Lado ya ɗora na sama kan na ƙasa da murmushinsa, yana jiran su zauna daram.

Ina! Suka ƙi. Na A'i zafin hita, na'urar ɗumama ɗaki, ya busar da shi ya tsuke, na Halimatu danshin ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya kumbura shi. Lado ya ji kunya kamar shi ya ɓata.

"A kankare mana," in ji Halimatu.

"Wallahi ba zan sa masa ƙarfe ba, Hajiya. Sai dai su zauna ɗaki guda, su sha iska ɗaya, kamar shekara. Wataƙila su koma daidai."

A'i ta shafa tagullar, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, a kai gidanki," ta ce. "Amma fa zan riƙa zuwa ina dubawa."